Guba a Rijiyar Mama Rahab

Hantsi ya ɗaga, zafin bazara ya fara cin ƙeya, sa'ad da aka kawo rahoto caji ofis a Malumfashi: an zuba guba a rijiya, yarinya ta mutu, kakarta na asibiti rai a hannun Allah.

Insfekta Zainulabidin ya ture kofin shayinsa, ya yafito Saje Ishaya, suka shiga mota.

Unguwar tana gefen gari, ta hanyar Funtuwa. Tun da kuɗin ruwan famfo ya ninka, gidaje da yawa suka kasa biya aka yanke musu. Mai rijiyar burtsatse ya ƙara nasa, 'yan garuwa suka ƙara a kan nasa. Magidanci sai ya zaɓa, ko ya sayi masara ko ya sayi ruwan dafa ta. A nan ne Mama Rahab, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata gida da rijiya, ta buɗe ƙofar bayan gidanta ta ce kowa ya ɗiba, ba ko sisi.

A bakin rijiyar Insfekta ya same ta, zaune a kan turmi, hannu biyu a ka. Bai kai ga leƙawa ba wari ya daki hancinsa. Ruwan ya yi ƙasa sosai, ga wani fari-fari yana yawo a kansa.

"Mama, sannu da wannan abu. Wa ya fara ganewa?"

"Matan da suka zo da safe. Guga ɗaya suka ja suka yi ihu. Muka hana kowa ɗiba, muna ta godiya ga Allah ba wanda ya sha. Ashe Inna, maƙwabciyarmu, ta riga kowa. Tun asuba ta ɗiba ta tafi. Hancinta ya daɗe da mutuwa, ba ta jin wari. Ta dama koko, ta sha, ta ba jikarta Naja'atu. Yarinyar da ko makaranta ba ta shiga ba."

"Ku nawa ne a gidan nan?"

"Ni da ɗana Adam. Shi ke noman lambun can."

Adam ya matso, dogo, ƙafafunsa duk taɓo ya bushe. Ya gaida Insfekta da ladabi.

"Jiya ina kake?"

"Kasuwar Danja na je, Yallaɓai. Da na dawo a gajiye nake, ko kusa da rijiyar ban zo ba. Amma ai ba sai an yi duba ba. Wa rijiyar nan ta tsone wa ido in ba Alhaji Awaisu mai burtsatse ba?"

Insfekta ya share zufa. Ƙishi ya dame shi, ya roƙi ruwa, sai kuma ya tuna ya yi murmushin takaici. Mama Rahab ta ce, "Akwai mai kyau, ɗana. Duro biyu cike, har da randuna." Ta kawo masa a kofi. Ya shinshina, ya sha, ya ce wa Saje ya sa a rufe rijiyar da kwano a ɗora duwatsu.

Kafin su isa wurin Alhaji Awaisu, samari sun riga su. Sun yi cirko-cirko a ƙarƙashin tankinsa, wasu da sanduna. Saje Ishaya ya kora su baya, Insfekta ya shiga rumfa ya sami Alhaji yana zufa, babbar riga ta manne masa a baya.

"Alhaji, an ce rijiyar Mama Rahab ta kashe maka kasuwa."

"Ƙarya ne, Yallaɓai! Ni ina ruwana da rijiyarta? Kullum injina na aiki, kullum ina ciniki."

Insfekta ya zagaya bayan rumfar. Ya ɗora hannu a kan janareto, ya ji shi sanyi ƙalau. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakin salansa. A gefe ga jarkoki cike da baƙin mai da aka juye daga inji.

"Injin da ke aiki kullum ne wannan?"

Alhaji ya kau da kai. Wani ɗan garuwa mai suna Ɗanasabe, da ke jingine da kurarsa ta tura ruwa, ya sunkuyar da kai. Insfekta ya juya gare shi.

"Kai, ina kuke samo ruwan da kuke sayarwa?"

Ɗanasabe ya dubi maigidansa, ya dubi ankwar da ke ɗamarar Saje. "Daga rijiyar Mama, Yallaɓai. Tun da man gas ya gagara Alhaji ya kashe inji. Mu ɗebo can, mu juye a tanki, a sayar a matsayin na burtsatse."

Alhaji ya zube a kan benci. "Na yi abin kunya, na yarda. Amma ka duba, Yallaɓai, rijiyar nan ita ke ciyar da ni. In na zuba mata guba, ai kaina na zuba wa. Iyalina ma ruwan suke sha."

"Yau an ɗebo?"

"Ba a ɗebo ba," in ji Ɗanasabe. "Muna zuwa muka tarar ana ihu."

"Za mu dawo kan maganar tankinka," Insfekta ya ce wa Alhaji. "Kada ka bar gari."

Daga nan sai asibiti. Inna na kwance an sa mata ƙarin ruwa, idanunta a rufe, jikinta na rawa kaɗan-kaɗan. Ɗanta Kabiru, mahaifin yarinyar, yana tsaye a jikin bango, bai ko san an shigo ba. Likita ya ja Insfekta waje.

"Maganin ƙwari ne, irin wanda ake fesa wa tumatir da wake. Ba kaɗan aka zuba ba, ga ruwan kuma ya ja baya. Tsohuwar za ta iya tashi. Yarinyar kuwa kafin a kawo ta ta cika."

"Ka tabbata ba maganin ciyawa ba ne?"

"Na tabbata."

A mota Insfekta ya yi ta juya maganar likita a ransa. Shi ɗan manomi ne daga Gozaki, ya san yadda kwalbar maganin nan ta yi tsada bana.

"Saje, in kana son kashe rijiya, me za ka zuba?"

"Baƙin mai, Yallaɓai. Kyauta ake samunsa, kuma an gama da rijiyar ke nan."

"To me zai sa mutum ya sayi magani mai tsada? Baƙin mai yana ɓata ruwa ga kowa da komai. Maganin ciyawa yana ƙone shuka. Wannan kuwa mutum yake hanawa sha, amma shuka ko a jikinta."

Saje Ishaya ya dube shi, ya juya kan mota ba tare da an ce masa ba.

La'asar ta yi lokacin da suka shiga lambun bayan gidan Mama Rahab. Rabin fangalan tumatir sun bushe ƙurmus, ganye ya naɗe ya yi ja. Sauran rabin kuwa ƙasarsu jiƙe take sharkaf. Insfekta ya tsuguna, ya damƙi ƙasar, ya kai hanci. Warin rijiyar ne.

Ya sa aka kira Adam. Mahaifiyarsa ta biyo shi, ta tsaya a bakin danga.

"Yaushe ka yi ban-ruwa?"

"Shekaranjiya, Yallaɓai."

"A wannan ranar da ke soya ƙwai? Taɓa ka ji." Adam bai taɓa ba. "Da safen nan ka yi, bayan an yi ihu kowa ya watse, kafin mu iso. Mutumin da aka zuba wa rijiyarsa abin da bai sani ba, ba ya kwasa ya zuba wa shukarsa. Sai wanda ya san abin da ke ciki."

"Na ga za su mutu ne, na ce bari in gwada."

Insfekta ya juya ga dattijuwar. "Mama, ruwan da kika ba ni ɗazu, wa ya cika duro da randunan?"

"Adam ne. Jiya da yamma." Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa. "Har na yi mamaki, don bai saba ba."

"Shi kuwa ya ce mini jiya ko kusa da rijiyar bai zo ba."

Mama Rahab ta dafa danga. "Adam. Dube ni."

Bai dube ta ba. Ya zauna daɓas a cikin fangali.

"Na roƙe ki, Mama. Sau nawa na roƙe ki ki sa kwaɗo a ƙofar nan? Unguwa guda a kan rijiya ɗaya, har da kurar Alhaji. Kafin in zo ban-ruwa sai laka. Taki na saya da tsada, iri na saya da tsada, ina kallo lambun na mutuwa. Da shi muke ci. Kika ce ruwa na Allah ne."

"Sai ka yi me?" in ji Insfekta.

"Na sayo kwalabe a Danja. Na cika mana ruwan sha, da aka watse bayan magariba na juye su. Wari kawai nake so, Yallaɓai, wallahi wari kawai. Na san duk wanda ya ja guga zai ji, a gudu a bar mini ruwan. Na yi niyyar in tashi da wuri in tsaya a bakin rijiyar, in zama ni na fara ganewa. Barci ya ɗauke ni. Na manta da Inna. Na manta ba ta jin wari."

"Da ka ji yarinyar ta mutu fa?"

"Ban ji ba sai da na gama ban-ruwan."

"Da ka ji, sai ka nuna mana Alhaji, samari suka tafi da sanduna."

Adam ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Saje Ishaya ya ɗaga shi, ya sa masa ankwa. Sun zo wucewa ta gaban mahaifiyarsa ya tsaya.

"Mama."

"Naja'atu a bayana take barci in Inna ta tafi niƙa," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ku tafi da shi."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta fita ta ƙofar gaba, ta nufi gidan makoki ita kaɗai, tana tafiya kamar mai ɗauke da dutse.

Aka sa Adam a bayan mota. Labari ya riga ya zaga, mutane sun cika lungu, amma ba wanda ya yi jifa, ba wanda ya yi zagi. Kallo kawai suke yi. Saje ya tada mota ke nan wata mata mai goyo ta ƙwanƙwasa gilashi, bokiti biyu a hannunta, babu komai a ciki.

Insfekta ya sauke gilashin.

"Yallaɓai, ba mu ɗora tukunya ba tun safe. Yanzu ina za mu ɗebo?"

Insfekta ya dubi bokitan. Ya dubi Saje, Saje ya dubi hanya. Suka ja mota a hankali, matar na tsaye a inda suka bar ta.