Fikafikai a Gindin Kabad

Ranar da suka fara haɗuwa, tankin feshi ne goye a bayansa, takunkumi ya rufe masa rabin fuska. Ita kuma ta tare ƙofar ɗakin gwaji ta baza hannuwa kamar mai tsaron raga.

Kwalejin da take aiki ce ta ɗauko shi ya kashe kyankyasai a ginin gaba ɗaya. Ita kuwa kiwon su take yi, a cikin kwalabe masu murfin raga, kowace da takarda manne a jiki.

"Malam, ka fesa ko ɗigo ɗaya a nan, aikin shekara biyu ka kashe."

"Ni dai an ce in kashe kyankyasai."

"Waɗannan nawa ne."

Shekara takwas yana wannan sana'a, bai taɓa jin wanda ya ce kyankyaso nasa ne ba. Ya zare takunkumi don ya ƙara kallon ta da kyau. Daga ranar sai da ya manta kan bututun feshinsa a ginin har sau uku. Mu maza in muna so, mantuwa ce kawai dabarar da muke da ita.

Tana kiran sa Mai Feshi, shi kuma yana kiran ta Malamar Ƙwari. Ta koya masa cewa jikin ƙwaro kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki, ƙafafu shida kuma duk a ƙirji suke. Ta ce tururuwa ƙamshi take shimfiɗawa a ƙasa 'yan'uwanta su bi. Yana gyaɗa kai, amma bakinta yake kallo, shi ya sa karatun bai zauna ba. Kyautarsa ta farko gizo-gizo ne ƙato a cikin kwalba, wanda ya sha wahala kafin ya kamo shi da rai. Da yamma saƙo ya shigo:

"Na gode, Mai Feshina. Amma ƙirga ƙafafunsa, takwas ne. Ba ƙwaro ba ne a ajinmu. Na ajiye shi duk da haka, saboda wanda ya kawo."

Ya amsa: "Sarauniyar zumata, ni ma ƙafa biyu gare ni, a taimaka a ajiye ni."

Matsalar a gida take. Da Mama, mahaifiyarsa, ta ji sana'ar yarinyar sai ta ajiye kofin shayinta marar sukari, wanda likita ya ɗora mata saboda ciwon sukari shekara biyar ke nan, ta ce ita ba za ta ci abincin hannun da ya shafa kyankyaso ba. Ta ce ga 'yar ƙawarta mai aiki a kemis, yarinya mai tsafta, wadda in ta ga kyankyaso take hayewa kujera kamar kowace mace mai hankali. Shi kaɗai ne ɗanta, kuma bai taɓa tsallake maganarta ba.

Sati biyu ya kasa zuwa kwalejin, ya kasa faɗin dalili. Wani ya gan shi a kemis ɗin nan yana karɓo wa Mama magani, labari ya isa ɗakin gwaji da ƙari. Saƙonta gajere ne:

"Na ji ka samu inda babu ƙwari. Allah ya sa alheri."

Kafin ya amsa mata, sai wata damuwar ta rufe wannan. A ɗakin Mama akwai kabad na katako da marigayi babansa ya haɗa da hannunsa. Wata safiya aka ga fikafikai barbaje a gindinsa. Mai Feshi ya duƙa ya duba, ya miƙe da muryar ƙwararre ya ce gara ce, ta cinye cikin katakon, a fitar da shi a ƙone kafin ta hau rufi. Mama ba ta yi musu ba. Ta zauna bakin gado tana shafa ƙofar kabad ɗin, ta ƙi cin abinci.

A nan ya kira Malamar Ƙwari, ya zayyana mata komai har da kemis. Ta ce kada a taɓa komai.

Ta zo ta durƙusa ta gaida Mama, aka amsa mata a daƙile. Ta ciro ƙaramin gilashin ƙara girma, ta ɗauki mataccen ƙwaro ɗaya a kan farar takarda, ta kira Mai Feshi ya leƙa. Gara, in ji ta, ba ta da ƙugu, jikinta a miƙe yake, fikafikanta huɗu tsawonsu ɗaya. Wannan kuwa ga ƙugu kamar an ɗaure da zare, ga eriyar kansa a lanƙwashe, fikafikan gaba sun fi na baya.

"Tururuwa ce mai fiffike. Katakon nan lafiyarsa ƙalau, Mama."

Mai Feshi ya yi gyaran murya ya ce shi ma ya so ya yi zargin haka.

Ta ce saura a gano abin da ya kawo su. Ta bi layin tururuwar da ido daga tsagar bango zuwa bayan kabad, har aljihun ƙasa. Ta ja shi kaɗan. A ƙarƙashin ninkakkun zannuwa ga gwangwanin alawa, murfinsa a karkace. Ta ɗago, suka haɗa ido da Mama, wadda ta daina motsi.

Yarinyar ta mayar da aljihun a hankali.

"Danshi suke bi," ta ce. "Mai Feshi, je ka samo siminti a toshe tsagar nan."

Yana fita Mama ta matsa mata wuri a bakin gado.

"'Yata, kwalaben nan naku, akwai masu murfin da yake rufuwa gam?"

"Akwai, Mama, sabuwa zan kawo miki. Amma ƙwaya ɗaya a sati, kuma likita ya sani. In ba haka ba zan tuna abin da na gani."

Mama ta yi dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba, ta ce ashe yarinyar ma tana da cizo.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Mama ta riƙe hannuwansu biyu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya raba gidansu da gara ta katako da ta mutane. 'Yar kemis ma ta zo, ta zauna nesa da bango.

Kabad ɗin yana nan inda yake. Mai Feshi kuwa har yau yana gaya wa abokansa cewa ilimi ne zalla ya shawo kan mahaifiyarsa. In ya fara, matarsa da Mama sukan kalli juna, su bar shi ya gama.