Buhun Zogalen Baffa Gambo

Da Zinariya ta san abin da ke cikin ƙullin ledar da Baffa Gambo ya miƙo mata ran nan, da ta ɓoye hannunta cikin zane, ko da kuwa tarin mahaifinta zai tsaga bukkarsu biyu. Amma ina! Yarinya ce da ba ta taɓa zaton sharri daga jininta ba, ta sa hannu biyu ta karɓa, har da durƙusawa...

A shekarun nan Arlit, garin ma'adini da ke cikin hamada, ta zama kamar ɗakin da aka kulle aka jefar da makulli. Ƙarfen yuraniyom ya yi arha, kamfanin haƙar sa ya sallami ma'aikata, kudu damina ta ƙi, ga 'yan tawaye sun tare hanyar Agadez, mota ba ta shiga ba ta fita sai cikin ayari da rakiyar soja. Mahaifin Zinariya, Nomau, mutumin Maradi, ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin ramin ma'adini, yana cikin waɗanda aka sallama. Aka fitar da su daga gidan kamfani, suka koma unguwar bukkoki, ɗakin da aka haɗa da fasassun ganguna. Uwar Zinariya ta daɗe da rasuwa. Sai ga ciwon ƙirji ya kwantar da Nomau, ba barci, ba cin abinci, in ya yi tari har da jini. Likitar kamfani, wato asibitinsu, ta masu aiki ce, ta gwamnati kuwa ko ƙwayar ciwon kai babu. Abin da ke riƙe da su kawai kwaɗon zogalen da Zinariya ke sayarwa a tashar motocin ma'aikata, busasshen ganyen kuwa ƙanen mahaifinta Gambo ke kawo shi daga kudu, buhu-buhu, duk sa'ad da ayari ya samu wucewa.

"Ungo, 'yata," in ji Gambo, yana waige-waige. "Maganin ƙirji ne daga wajen wani mai magani. Ki tafasa da madara ki ba shi. Kada ki nuna wa kowa, in ido ya yi masa yawa karyewa yake."

"Allah Ya saka da alheri, Baffa! Allah Ya bar zumunci!"

Ta dafa, wari ya cika bukkar, ta tallafi kan tsohon ta ba shi. Ikon Allah, ba a jima ba Nomau ya yi barci irin wanda rabonsa da shi tun kafin azumi, da ya farka kuma ya ce, "Zinari, ko akwai sauran kunu?" Wayyo! Yarinyar nan ta juya baya don kada ya ga hawayenta, tana dama kunu tana hamdala. Tun daga ranar kullum sai ta dafa.

A lokacin kuwa unguwar ba ta da zance sai na tabar wiwi, don ta ci samari marasa aiki. Maƙwabciyarsu Inna Mero, wadda ɗanta Zayyadu direban kamfani ne a da, ta wayi gari tana ɗaure shi da igiya a gindin turke, yana dariya shi kaɗai, bai san sallah ba, bai san uwa ba. Ranar da wasu samari suka sari juna a bakin kasuwa, jandarmomi suka shigo unguwar gida-gida suna neman mai sayarwa. Gambo, wanda shi ke shigo da ita a ɓoye, ya ga wuta ta matso kusa da shi, sai ya riga kowa zuwa wajen ajidan, shugaban jandarmomin, ya rantse ya maya cewa shi ma abin na cin ransa, amma gaskiya ta fi zumunci: 'yar wansa ce, a ƙarƙashin kwanon kwaɗo take ɓoyewa.

Da hantsi jandarmomi suka faɗo bukkar, Gambo na biye da su, tukunya na kan wuta. Ajidan ya ɗaga murfi ya shaƙa, ya dubi yarinyar.

"Ke! Mene ne wannan?"

"Maganin Baba ne, ranka ya daɗe. Baffana ya kawo, ga shi nan tsaye, ku tambaye shi. Baffa, gaya musu mana!"

"Ni?" Gambo ya dafe ƙirji. "Zinariya, ki ji tsoron Allah! Zogale nake kawo miki, zogale kawai. Ashe abin da kike saka mini da shi ke nan?"

Nomau ya yunƙura daga tabarma zai yi magana, tari ya sarƙe shi, sai hannu kawai yake ɗagawa yana nuna ƙanensa, ba wanda ya kula. Aka fito da ita ba ko mayafi, mata sun cika hanya. Inna Mero, wadda ta sha goya ta tana jaririya, ta keto taron ta tofa mata yawu a ƙafa. "Ke kika kashe mini ɗa da ransa! Allah Ya isa, Zinariya, Allah Ya isa!"

"Inna, wallahi ban sani ba... Inna, ki duba mini Baba, bai sha kunu ba..."

Aka kulle ta a wani ɗan ɗaki mai zafi kamar tanda, aka ce da zarar ayari ya zo za a wuce da ita gidan kaso na Agadez. Ayari kuwa ya ƙi zuwa, an ce an kai masa hari a hanya. Ta zauna ba ta san abin da za ta roƙa ba: in hanya ta buɗe an raba ta da ubanta, in ta ƙi buɗewa tana nan tsakanin bango huɗu, shi yana can ba mai juya shi. Sai ta kafa goshi a ƙasa ta ce, "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ban roƙe Ka don kaina ba, Ka sa wani ya ba shi ruwa."

Wani Buzu mai suna Akoli, abokin aikin Nomau tun a rami, shi ke leƙa marar lafiyar, shi ke kawo mata labari ta taga. A ƙofar masallaci har ya yi musu da Liman Fatahu. Akoli ya ce, "Malam, ni na gani da ido. Lokacin da yana shan abin nan yana barci, yana ci. Yanzu kuka yake kamar raƙumin da aka soke. A rediyo ma an ce likitocin Turawa suna gardama, wasu sun ce a bar marar lafiya ya sha." Liman ya girgiza kai. "Je ka gaya wa Mero haka, Akoli. Je ka dubi ɗanta a turke. In an buɗe ƙofar nan saboda mutum ɗaya, wa zai rufe ta saboda sauran?" Akoli ya ce, "To ba shi wani magani, Malam, in kana da shi." Liman ya juya ya shige masallaci. Shi ma ba shi da shi.

Wata safiya Akoli ya zo taga ya kasa ɗaga ido, ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Zinariya ta gane Babanta ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta roƙi a bar ta ko ƙafarsa ta taɓa kafin a kai shi, aka hana.

Sadakar uku ta faɗa kan Gambo, tunda shi ne ɗan'uwan mamaci, dole a ci abinci daga gidansa. Kasuwa kuwa ta bushe, ko ganyen albasa babu. Matarsa 'Yargata, baiwar Allah da ba ta san sana'ar mijinta ta ɓoye ba, ta ga kunya na shirin kama su, sai ta tuna da buhun zogalen da ya tura ƙarƙashin gado ya ce kada a taɓa. Ai don riba ya hana, in ji ta a ranta, yau kuwa ranar ɗan'uwansa ce. Gambo na waje yana karɓar gaisuwa da jan carbi, ita ta farke buhun. Sama-sama zogale ne, da ta zurfafa hannu ganyen ya sake launi da wari, ta ce warin man mota ne ya kama shi. Ta haɗe duka, ta turara dambu, ta zuba man gyaɗa da yaji, aka fita da shi kwano-kwano.

Kafin la'asar zaman makoki ya rikice. Dattijon da ya zo da hawaye ya ɓarke da dariya ya kasa tsayawa, wani ya ce ƙasa na juyawa da shi, wani ya yi amai, Liman Fatahu kansa ya ɗaga hannu zai yi addu'a ya manta inda ya fara. Ajidan, wanda ya biyo yin ta'aziyya, ya ɗauki kwano ya shaƙa, fuskarsa ta sauya.

"Wa ya dafa wannan?"

'Yargata ta fito tana jan buhun. "Ni ce, ranka ya daɗe. Zogalen maigida ne, na ƙarƙashin gado..."

Gambo ya miƙe zai tsallake katanga, amma shi ma ya ci dambun, ƙafafunsa suka ƙi, ya zube gaban jama'a yana sambatu, yana kiran sunan wansa. Aka zazzage buhun a tsakar gida, kowa ya ga tabar wiwin da ke ƙarƙashin zogalen.

Da aka buɗe wa Zinariya ƙofa, wadda ta fara gani Inna Mero ce, durƙushe cikin rairayi, riƙe da mayafi. "'Yata, bakin nan da ya tsine miki... ki yafe mini, ko Allah Zai yafe mini!" Zinariya ta ɗago ta, suka rungume juna suna kuka. "Na yafe, Inna. Ki raka ni wurin Baba kawai." Liman da kansa ya tsaya a masallaci ya wanke sunanta, Mero ta kwashe kayanta ta mai da ita ɗakinta, ta ce daga yau ita ce uwarta. Ranar da ayari ya iso, Gambo aka saka a bayan motar soja da ankwa, a wurin da aka tanadar wa Zinariya.

Daga baya ta tari wani likita da ya zo cikin ayarin, ta tambaye shi abin da ke cin ranta: ganyen da ta riƙa dafa wa mahaifinta, sauƙi ya ba shi, ko shi ya ƙarasa masa ƙirji? Likitan ya ce bai sani ba. Akoli na nan kan bakansa, Liman na nan kan nasa, Zayyadu na nan a turke, Zinariya ke kai masa abinci. Ko zai warke, da ko ganyen nan ya ƙara wa Nomau kwana ko ya rage masa, har yau babu wanda ya sani.