Ƙas-ƙas a Cikin Inji

Wani bakanike yana tattara sifanoninsa bayan faɗuwar rana, sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo garejinsa ba fitila, tana ƙara ƙas-ƙas-ƙas.

"Mun tashi, malam. Sai gobe," in ji shi.

Direban ya sauko, dogo ne, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Yanzu za ka gyara ta. Ko ba ka iya ba ne?"

Ran bakaniken ya ɓaci. "Kada ka kawo mini raini! Ai ko kurma ya san bawul ɗin inji ne ke bugawa. Kun iya tuƙi, ba ku iya zuba baƙin mai ba."

Ya ɗaga bonet a fusace, ya daka tsawa, "Kashe ta mana!"

"A kashe take."

Ya dafa injin, ya ji shi sanyi ƙalau, tsatsa ta cinye shi, har da yanar gizo-gizo. Amma ƙarar ba ta tsaya ba, sai ma matsowa take yi ta bayansa. Ya waiga a hankali. Daga ƙirjin mutumin take fitowa.

Mutumin ya fara ɓalle maɓallan rigarsa. "Tunda ka gano wurin, ɗauko sifana."