Ganye a Kan Titin Paiko

Ran Asabar da safe Mama Magdalene ta buɗe ƙofar karaban ɗin da ta sayo, ta tarar babu komai ciki sai gadon duba marasa lafiya da igiyar da aka ɗaure kaya da ita. Firjin ajiye allurar rigakafi ya tafi, baturan sola sun tafi. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Karaban ɗin ɗaki ne na ƙarfe mai taya, wanda wani kamfanin gina hanya ya mayar asibitin ma'aikatansa a Kwakuti. Da aikinsu ya ƙare ta saye shi da kayan ciki, don ta girke shi a kusurwar gidanta a Tudun Fulani ta riƙa duba masu juna biyu na unguwa.

Kafin 'yan sanda su iso, unguwa ta gama shari'a. Mai motar janwe ne ya jawo karaban zuwa gida ran Juma'a da yamma, kuma wai kowa a Minna ya san halin masu janwe. Inda aka san halin ne ba wanda ya taɓa tambaya. Samari suka je tashar masu janwe suka fasa gilashin motarsa, suka tasa ƙeyarsa zuwa ofishin 'yan sanda. Sunansa Ndako, Banufe ne mai furfura a gemu. Shugaban ofishin ya ce ran Litinin sai kotu. Ƙungiyar masu janwe ta aiko cewa in har aka kai shi kotu, ya bar tasharsu ke nan.

Aka ba Sufeto Husna Maiwada binciken. Ta fara da mai kaya.

"Mama, wa ya kulle ƙofar nan a Kwakuti?"

"Ni da hannuna. Ndanusa mai gadin kamfanin yana tsaye. Na ga firjin, na ga baturan, na danna kwaɗo."

"Daga nan fa?"

"Gwiwata ba ta son a-kori-kura. Ndanusa ya raka ni tasha, ya zauna da ni har bas ta cika. Lokacin Philip ya daɗe da ɗaukar hanya."

Ndanusa ya fita daga zargi ke nan.

"Wane ne Philip?"

"Ɗan ƙanen maigidana marigayi. Ni na goya shi. Shi ya jawo karaban da a-kori-kura. Na ba shi makulli guda saboda masu shingen bincike a hanya, kin san sai sun leƙa. Na ba shi ruwa da igiya da addar Baba, maigidan nawa, ko hanya za ta yi gardama. 'Yata, kada ki ɓata lokaci a kansa. Ɓarawo na hannunku."

"Wanda ke hannunmu mai janwe ne, Mama. Ko ɓarawo ne, tukuna."

Philip na jingine da katanga, dogo, cikin riga mai tsabta. Bai jira an tambaye shi ba.

"Madam, na wuce Paiko kaɗan mota ta mutu. Na zuba ganye a titi, na kira janwe. Ya ce ba zai iya jan biyu a lokaci ɗaya ba. Na ce ya fara kai karaban gida, ni na tsaya da mota. Na ba shi makulli saboda shinge. Kuskurena ke nan."

"Kafin nan ka tsaya wani wuri?"

"Ko fitsari ban tsaya yi ba."

"Me ya sami tafin hannunka?"

Ya dubi ƙujewar da ke hannunsa. "Wahalar mota ce."

A ofis Ndako na zaune a ƙasa, an karɓe masa hula da takalmi.

"Ka karɓi makulli?" Husna ta tambaye shi.

"Na karɓa, ranki ya daɗe. Ban roƙa ba, shi ya cusa mini a aljihu."

"Ka buɗe?"

"In buɗe in ga me? Mu ja muke yi, ba leƙe ba. Masu shingen ma ba su ce a buɗe ba."

"Daga Paiko zuwa Tudun Fulani ba tafiyar yini ba ce. Ina ka tsaya?"

"Chanchaga. Juma'a ta same ni a hanya. Na ajiye mota gefen mai facin taya na shiga masallaci. Da na fito na ci abinci."

"Da ka koma ɗauko a-kori-kurar, me ya lalace?"

"Kan batir ne ya kwance. Na ɗaure, ta tashi. Na ce masa, ɗan'uwa, don wannan ka kira janwe? Ya yi dariya." Ndako ya sunkuyar da kai. "Tun ina saurayi nake tashar nan. Da dare, da ruwan sama, in mota ta faɗa rami mu ake kira. Gari ya waye kuma mu ne ɓarayi."

Husna ta ɗauki motar ofis ta bi hanyar Paiko. A Chanchaga ta sami mai facin tayar, Kirista ne, bai shiga masallaci ba.

"Ɗakin nan mai taya? A inuwarsa na zauna har suka idar. Ba wanda ya taɓa ƙofar. Da an taɓa, a kaina za a taka."

Wannan bai wanke Ndako duka ba, don akwai sauran hanya bayan Chanchaga. Amma ya rage masa nauyi.

A wurin da Philip ya ce mota ta mutu, ganyen na nan, tayoyi sun niƙe shi. Al'adar direbobinmu ce: in mota ta lalace, a sari rassa a jera a titi gaba da baya don masu zuwa su kauce. Husna ta tsuguna ta ɗauki reshe ɗaya, ta ɗauki wani. Babu saran adda a jikinsu ko ɗaya. Murɗe su aka yi da hannu, ɓawon ya zazzago kamar zare. Ta duba kurmin gefen hanya, ta ga inda aka fizgo su, wurin cike da ƙaya.

Mutumin da aka ba adda da safe, me zai sa ya yaƙi ƙaya da hannu da tsakar rana?

Ta kira Mama a waya. "Addar Baba ta dawo gida?"

Husna ta ji tana tambaya daga gefe. "Philip ya ce tana cikin karaban. Wai ita ma mai janwen ya haɗa da ita."

"Yaya kamarta?"

"Ƙotarta ja ce. Baba ya shafa mata fenti don maƙwabta su daina mantawa da ita a gidajensu."

Husna ba ta juya Minna ba. Ta ci gaba, ta ratsa Paiko ta nufi wajen Kwakuti a hankali, tana tsayawa duk inda ta ga mata masu sayar da doya tana tambaya ko sun ga ɗaki mai taya ya tsaya jiya. Wasu suka ce sun ga wucewarsa. A wata mararraba matan suka kwashe da dariya.

"Ki je wurin Baba Irimiya. Jiya har bakin kasuwa ana jin muryarsa."

Baba Irimiya tsohon manomi ne, gonarsa ta gangaro har bakin titi. Da ya ga kaki sai fuskarsa ta saki.

"Ashe gwamnati ta ji. Zo ki gani, yarinya." Ya kai ta gaban wani ɗan icen lemu da aka yi wa aski. "Dashe ne. Tun yana kamar tsinke nake kai masa ruwa a ka. Bana zai fara 'ya'ya. Ga daji nan ko'ina, bai ga abin sara ba sai lemuna."

"Wane ne, Baba?"

"Wani dogo mai jan ɗaki. Ya tsaya nan, ya sare mini ice ya jera a titi. Ina can ƙasan gona. Kafin in hauro, wata ƙaramar mota ta tsaya bayansa, suna fitar da kaya daga ɗakin. Farin akwati babba da wasu baƙaƙe masu nauyi."

"Ba ka tambaye su ko kayan wa ne ba?"

"Ina ruwana da kayansu? Lemuna nake magana. Ya ajiye addarsa a ƙasa, na ɗauke. A nan haka muke yi. Ka ɓata gonar mutum, a riƙe abin da ka yi ɓarnar da shi har ka zo gaban mai unguwa. Ya ce in ba shi. Na ce ya zo ya karɓa a can. Da na ɗaga murya mata suka taso, sai ya shiga mota."

"Motar tasa ta tashi?"

"Kamar doki."

Ya shiga bukka ya fito da adda. Ƙotarta ja.

Da la'asar Husna ta koma Tudun Fulani tare da tsohon. Ta ajiye addar a kan tabarma gaban Mama. Philip ya fito daga ɗaki, ya ga Baba Irimiya, ya tsaya cik.

"Ga shi nan," in ji tsohon. "Mai unguwa na jiranka."

Husna ba ta ɗaga murya ba. "Sau biyu ka tsaya jiya, Philip. Na farko kafin Paiko, inda abokinka ya kwashe kayan. Ka zuba ganye saboda ka san motar da ke da ganye gaba da baya ba wanda ke kallonta sau biyu, ko ana sauke kaya sai a ce rage nauyi ake yi. Sai dai ka tashi a gari, ba ka bambanta dashe da ciyawar daji ba. Tsayawa ta biyu, kai ka kwance kan batir. Babu adda, shi ya sa ka murɗe rassa da hannu ƙaya ta yage ka. Ba gyara kake nema ba. Mutum kake nema da za ka danƙa wa makulli, wanda in an ce ɓarawo ne ba wanda zai yi musu."

Philip ya zauna a kan dakali. Bai dubi Husna ba, Mama ya duba.

"Baba ya ce kusurwar nan tawa ce, in buɗe shagon gyaran mota. A gabanki ya faɗa. Ya rasu, kika ce asibiti. Ban sayar da komai ba, suna ɗakin abokina a Paiko. Na ɗauka in babu firji za ki haƙura."

"Shi kuma bawan Allahn da ke kulle fa?" Mama ta tambaya.

"Na ɗauka za su sake shi bayan kwana biyu."

"Kotu za a kai shi ran Litinin," in ji Husna.

Mama ta juya wajen Husna. "'Yata, ba za a iya kashe maganar a gida ba?"

"Da safe da ake jan mutumin nan a titi, Mama, ba ki ce a kashe ta a gida ba."

Kafin magariba aka kai Philip ofis, aka fito da Ndako, aka miƙa masa hularsa da takalminsa. Mama na jiransa a bakin ofis, ta dogara da sanda.

"Malam Ndako, na zalunce ka. Zan gyara maka gilashi."

"Gilashi akwai shi a kasuwa, Mama." Ya karkaɗe hular ya sa. "A gaban mutanen tasharmu aka ja ni. 'Yan unguwarku na ihu, matata na ji. Takardar 'yan sanda ba wanda zai karanta a can. In da gaske kike, ki zo ki faɗa da bakinki wanda ya yi."

"Ɗana ne."

"Na sani. Shi ya sa za su yarda."

Mama ta dubi ƙofar da aka shigar da Philip. Ta gyara ɗankwalinta, ta tare Keke mai taya uku, ta ce wa Ndako ya shiga ya nuna wa direba hanyar tashar.