Takardun Iya Taroro

Iskar watan Janairu na yankan fuska kamar reza lokacin da Najiba ta tsinci kanta a bakin titin unguwarsu a garin Bowie na Amurka, akwati ɗaya a gabanta, wasiƙar kora daga jami'a a hannunta. Unguwa ce da kowa ke da mota, ita kaɗai ce ba ta da ita, don haka ko inda za ta dosa ba ta sani ba. Kawunta, Dakta Munzali, yana tsaye a ƙofa yana huci.

"Kawu, don girman Allah ka saurare ni! Wallahi ni na rubuta aikin nan, shekara uku ina kansa..."

"Rufe min baki! Na ɗauko ki daga Zariya kina marainiya, na ci da ke, na sha da ke, sakayyar da za ki yi min ita ce ki saci aikin 'yata? Kada na sake ganin ƙafarki a gidan nan!"

Ya bugo ƙofa. Najiba ta durƙushe a kan akwatinta ta fashe da kuka. Wayyo maraici!

Tana da shekara goma sha huɗu iyayenta suka rasu a hatsarin mota, Kawu Munzali, wan mahaifiyarta, ya kawo ta Amurka. Abin da ta zo da shi na gado bai wuce wata tsohuwar gafaka ba, cike da takardun ajami da suka yi jajawur don tsufa. Tun tana ƙarama mahaifiyarta kan ba ta labarin abin da ke ciki: wai wata kakarsu ce ta can da can, Iya Taroro, matar sarkin wani birni da yau ko ganuwarsa babu, wadda mijinta ya rasu ta riƙe sarauta shekara goma sha ɗaya har yaron da zai gaji gadon ya girma. Tambayoyi suka hana Najiba sakat. Yaya mace ta zauna a gaban fadawa ta yanke hukunci? Su waye 'yan uwanta? Da yaron ya girma, ta sauka da daɗin rai ne ko ture ta aka yi? Ba ta iya ajami ba, ga shi a gidan Kawu babu mai bi ta kan takardun. 'Yarsa Hannatu, wadda a nan aka haife ta, har toshe hanci take yi idan an buɗe gafakar.

Sai da Najiba ta fara aikin kula da tsofaffi a garin Laurel Allah ya haɗa ta da Malam Karimu, wani dattijo ɗan Kumasi da ƙafafu suka gaza masa amma idonsa garau. Ranar da ta nuna masa shafi ɗaya, gyara tabarau ya yi ya ce, "Jikata, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa? Zauna!" Daga ranar, in ta gama ba shi magani da abinci, sai su baje takardu a kan tebur, yana nuna mata baƙi da wasali. Wata kalmar sai su yi mako suna gardama a kanta. A haka ta gano sunan mahaifin Iya Taroro, da ƙannenta biyu da ta aurar ga sarakunan maƙwabta don a zauna lafiya, da surukarta da ba su taɓa jituwa ba. Ta mayar da shi aikin kammala digirinta.

Ashe Hannatu, wadda suke sashe ɗaya a jami'ar, lokaci ya ƙure mata ba ta rubuta komai ba. Ta buɗe kwamfutar Najiba ta kwashe aikin kaf, ta riga ta miƙawa, sannan ta ɗauke gafakar ta ɓoye. Da aka ga aiki iri ɗaya da suna biyu, kwamiti ya zauna. Hannatu ta zo da takardun asali a hannu, mahaifinta ya rubuto shaida cewa kayan gidansu ne kuma 'yarsa ce ke nazarinsu, domin abin da ta gaya masa ke nan, shi kuma ko tambaya bai yi ba. Najiba ta ce tana da shaida, Malam Karimu. Amma a makon nan ne ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, bakinsa ya karkace, ko sunansa ba ya iya faɗa... Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Daga bakin titin nan 'yar Malam Karimu, Bariatu, ta zo ta ɗauke ta zuwa gidanta inda Malam ke kwance, ta ba ta kujerar falo ta riƙa kwana. Masifa kuwa ba ta tsaya nan ba. An janye tallafin karatunta. A masallaci matan da suka saba rungumarta suka koma ɗauke kai, ta taɓa jin wata na cewa, "Ita ce ɓarauniyar gidan Dakta." Zazzaɓi ya kwantar da ita sati biyu, ta rame har wuyanta ya fito. Kullum in ta idar da salla sai ta ɗaga hannu hawaye na zuba: "Ya Allah, kai ne shaidata. Ba ni da uwa, ba ni da uba, kai kaɗai gare ni!" Duk da haka ba ta daina jinyar Malam ba. Tana goge masa baki, tana ba shi kunu cokali cokali, tana kuma karanta masa shafi huɗu na ƙarshe da suka rage a ɗakinsa, waɗanda ba su kai ga warwarewa ba kafin ya kwanta. Akwai wani ƙaramin rubutu a gefen shafi da ya ƙi karantuwa, sai da ta yi wata biyu tana juya shi. Ranar da ta gane shi ta karanta da ƙarfi, Malam ya damƙe hannunta, da ƙyar ya ce, "Sa... sake!" Maganarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Daga nan bakinsa ya fara dawowa sannu a hankali.

Da bazara ta shigo jami'a ta shirya taro don karrama Hannatu, aka baje takardun cikin akwatin gilashi. Kawu Munzali na sahun gaba ya sha babbar riga. Hannatu ta gama jawabinta aka yi tafi, sai ga Bariatu ta turo keken mahaifinta, Najiba na biye kanta a ƙasa. Malam ya ɗaga hannu, Bariatu na fassara wa Farfesa Olive, shugabar sashen.

"Yarinya, yaron da Iya Taroro ta riƙe wa sarauta, me yake gare ta?"

Hannatu ta amsa da Turanci cewa ɗanta ne mana, haka ta rubuta.

"To, ga takardu nan. Nuna mana layin."

Aka buɗe gilashi. Hannatu ta ɗauki shafi ta riƙe shi a kife, tana bin sa daga hagu zuwa dama, gumi na keto mata. Farfesa Olive ta dubi Najiba ta miƙa mata shafin. Najiba ta karɓa, ta miƙe tana karantawa tiryan tiryan, tana fassarawa. Daga nan ta zaro shafi huɗun nan.

"Ni ma da farko ɗanta na rubuta, kuskurena ne aka kwafa. Ba ita ta haife shi ba. Maraya ne, ɗan wan mijinta, shi ke da haƙƙin gadon. Tana da nata ɗan, fadawa suka matsa mata ta naɗa shi, ta ƙi. Ta tura ɗan cikinta wurin dangin mahaifinta don kada a yi amfani da shi a cuci marayan. Da ya girma ta miƙa masa mulki da hannunta."

Hannatu ta zube a kan kujera tana kuka, a gaban jama'a ta amsa laifinta. Ba a yi wata guda ba aka soke digirinta aka kore ta, aka mayar da Najiba da tallafinta, aka rubuto mata takardar ban haƙuri. Matan masallaci kuwa sai ga su da kulolin abinci, kowace na sunkuyar da kai.

Wata Asabar da hantsi Kawu Munzali ya yi sallama a gidan Bariatu, gafakar a rungume a ƙirjinsa. Babban likita guda ya durƙusa a gaban 'yar ƙanwarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Najiba, na ci amanar 'yar uwata. Me zan ce mata ranar gobe? Ki yafe min..."

"Kawu, tashi don Allah, kada ka sa ni kuka! Na yafe, duniya da lahira. Yaya Hannatu ma na yafe mata."

Kawu ya share fuska ya ce, "Shi ɗan nata da ta tura... sun sake haɗuwa kuwa?"

Malam Karimu ya yi murmushi da gefen bakinsa mai lafiya. Najiba ta ce, "Sun haɗu, Kawu. Bayan shekara goma sha ɗaya ta tafi da ƙafarta ta nemo shi. Kuma ta tsatsonsa muka fito, ni da kai."

Kawu Munzali ya cire hularsa ya ajiye, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa.

"Faro min daga farko, 'yata. Ban taɓa tsayawa na ji ba."