Injin Masta Adutwum

"Kwanta, tsoho! Fuska a ƙasa!"

Opanyin Frimpong, maigadin rumbun koko, irin na yin cakulan, a ƙauyen Nkwantabi, ya dubi bindigar, ya dubi mai riƙe da ita, sannan ya ajiye kwanon fufunsa a hankali.

"Ɗana, gwiwata ba ta lanƙwasuwa. In na kwanta, ku za ku ɗaga ni."

"To, zauna."

"Ai a zaune nake."

Lahadi ce, ƙarfe sha ɗaya na safe, duk ƙauyen yana coci. Boakye, wanda ya naɗa wa kansa sunan Kwamanda, shi ya zaɓi lokacin. Agyenim, tsohon ɗan dakon kasuwar Kejetiya, shi ke jidar buhuna zuwa bayan mota. Buhu arba'in. Kwamanda na taya shi da umarni.

Na ukunsu bai ko dubi rumbun ba. Masta Adutwum ya buɗe gaban motar, ya dafa bakin sukuddireba a jikin inji, ya kafa kunne a kan ƙotar, ido a lumshe.

"Masta, asibiti muka zo?" in ji Kwamanda.

"Yi shiru. Ina jin numfashinsa."

Motar ta girmi Kwamanda. Da tsohon injinta, in ta kama tudu da kaya, awaki kan wuce ta. Wata uku Masta ya yi a kanta a Magazin ta Suame, unguwar makanikai, inda muke kai duk ƙarfen da Turawa suka yi wa jana'iza. Ya faɗaɗa ramukan inji, ya sa sabbin fistin da ringi, ya goge kuranshaf, ya ɗora tabo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, da ya ciro daga motar katako. Ƙarfin doki casa'in ya koma ɗari da tamanin. Kwamanda ne ya kawo kayan gyaran, ba a tambaye shi inda ya samo ba. Masta kuwa ya ce ba mai taɓa sitiyarin sai shi, da haka ya zama ɗan fashi yana da shekara hamsin da huɗu.

Sharaɗi ɗaya ya kafa. Injin da aka sake haɗawa lallaɓa shi ake yi: kilomita dubun farko ba a wuce gudu arba'in, sai ringi ya zauna. Ya ce a jira mako uku. Kwamanda ya ce ranar Litinin za a kwashe kokon. Kilomita ɗari biyu da sha biyu kacal injin ya yi a duniya.

Suka tashi. Opanyin Frimpong ya ƙarasa fufunsa, ya wanke hannu, ya taka zuwa coci. Ya jira aka gama waƙa, don shi mutum ne mai tarbiyya, sannan ya ɗaga hannu.

A ofishin 'yan sanda na mararraba, Sufeto Serwaa ta ajiye waya.

"Kofur, tayar da mota."

"Madam, sai an tura."

Masu sayar da gasasshiyar ayaba suka tura. Kofur Tetteh ya shekara tara yana tuƙa wannan akori-kura, kuma bai taɓa ganin allurarta ta haura arba'in da biyar ba, ko a gangare.

Agyenim ne ya fara hango su daga saman buhuna. Ya buga rufin mota.

"Kwamanda! Baƙaƙen kaya a baya!"

"Masta, taka."

"Ina takawa."

"Arba'in nake gani."

"Arba'in muka yi da kai."

"Da ni ka yi. Ka yi da waccan matar?"

Jiniya na kuka. 'Yan fashi na gudu arba'in, hukuma na bin su da arba'in da biyar. Wata mata a kan babur, da kwandon doya a baya, ta wuce 'yan sanda, ta wuce 'yan fashi, ta ɗaga wa kowa hannu.

"Kofur, muna cim musu kuwa?"

"Muna ci, Madam. Nan da rabin awa, in ba tudu."

Kwamanda ya ɗora bakin bindiga a kunnen Masta, amma ya kira shi Wofa, wato kawu.

"Wofa, ina ganin girmanka. Dawaki ɗari da tamanin ka ce. Ina suke? Suna coci su ma?"

"Suna nan. Ba su isa hawa ba."

"Zan fasa maka kai."

"Fasa. Sai ka nemo giya ta uku da kanka. Ni ma sai da na yi wata biyu kafin na gano inda take."

Da aka jima Kwamanda ya leƙa madubi. Har yana iya ganin gashin bakin Kofur. Ya ɗaga ƙafarsa mai takalmin soja, ya danne ta Masta a kan totur — har ƙasa.

Motar ta yi wani gurnani da ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta. Tabo ya yi fito. Hamsin — sittin — saba'in da biyar! Buhu biyu suka zame, Agyenim ya rungume na uku yana kiran sunan uwarsa. Suka wuce mai doya. A madubi, akori-kurar hukuma ta koma kamar ƙwaro, sannan ta ɓace.

"Ka gani?" Kwamanda na dariya. "Mun sha! Masta, kai maye ne!"

Gaskiya ne, sun sha. Sauran kilomita shida su shiga hanyar daji inda mai sayen kokon ke jira. Kuma a daƙiƙa goman farko fuskar Masta ta yi haske, don aikin hannunsa ne ke wannan kukan.

Sai allurar zafi ta motsa. Sai kunnensa ya tsinci wani ɗan sauti a can ƙasa, ƙis-ƙis-ƙis, wanda duk ƙasar Asante ba mai jin sa sai shi.

"Ɗaga ƙafarka, Boakye."

"Kwamanda."

"Boakye, ɗan Akosua mai tuwon kenke, na ce ɗaga ƙafarka. Yana jin ciwo."

"Ya mutu mana. In mun sayar da kokon sai ka haɗa wani."

Masta ya dube shi kamar yanzu ya fara ganinsa. Ya taka kuloci, ya murɗa makulli, ya zare, ya wurga ta taga cikin gonar koko. Injin ya yi shiru. Motar ta gangara a hankali ta tsaya a gefen hanya.

Kwamanda ya ja kunamar bindiga — ƙyas. Ita ma a Magazin aka haɗa ta, amma ba Masta ya haɗa ba. Ya diro ya faɗa daji a guje. Bai yi nisa ba ya ci karo da ƙungiyar matan coci suna dawowa, su goma sha bakwai, kowace da lema. Agyenim bai ko gwada gudu ba. Wanda ya ɗora buhu arba'in shi kaɗai, zama yake so.

Da 'yan sanda suka iso, sun tarar da Masta ya buɗe gaban mota yana yi wa inji fifita da hularsa. Ya miƙa hannuwa da kansa.

"'Yata, sa min ankwa, ba komai. Amma ki saurara. A bar shi ya huce awa guda. A duba baƙin mai. Wanda zai kai shi ofis kada ya wuce arba'in."

"An ji, Wofa. Kofur, kai za ka kawo ta."

Kofur Tetteh ya tsinto makullin a gindin wata bishiya. Bai jira awa ba. Ya hau, ya tayar, ya ɗan taɓa totur da yatsan ƙafa. Motar ta amsa. Ya sake taɓawa. Wani abu ya sauko a fuskarsa irin na wanda ya shekara tara yana addu'a, yau aka amsa.

"Kofur," in ji Masta, daga bayan akori-kura. "Ɗana. Kofur!"

Ƙura kawai suka gani.

Sufeto ta ja akori-kurar da kanta. Bayan kilomita tara suka sami Kofur tsaye a tsakiyar titi, hula a hannu. Baƙin mai ya malale kwalta. Sandar fistin ta fasa jikin inji ta leƙo waje. Masta bai ce a tsaya ba, bai kuma juya kai ba har suka wuce.

Alƙali ya ba Boakye shekara goma sha biyar, Agyenim goma, Masta bakwai saboda ya tsayar da mota da kansa. Kokon ya koma rumbu, ban da buhu biyu da ba a sake jin labarinsu ba. Aka tambayi Masta ko yana da abin faɗa.

"Ranka ya daɗe, na ji nawa. Shi Kofur fa, nawa aka ba shi?"

An ba shi. Igiya ta uku, ta saje, saboda ƙwazo.