Kukan Tayar Gaba

Atiku manomin albasa ne a Aliero. Tun da matarsa Gudiya ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta, gidansa ya yi tsit, ko kaza babu. Daga shi sai mashin ɗinsa.

Wata ranar Talata ya kai albasa Maiyama. Da zai dawo, magariba ta kawo jiki, sai ya yanke ta wata 'yar hanya, ya bi ta kan saiwar wata tsohuwar tsamiya, ko bismillah bai yi ba. Tun daga nan tayar gaba ta fara: ƙii… ƙii…

Washegari ya kai wa Habibullahi bakanike a Jega. Habibullahi ya kafe mashin, ya ɗaga tayar, ya murza ta da hannu yana kasa kunne. Boris ɗin da tayar ke juyi a kansa lafiya lau. Birki bai taɓa komai ba. Ya cika ta da giris, ya sake murzawa. Tayar ta yi ta juyi har ta tsaya cak, amma kukan bai tsaya ba.

Habibullahi ya ja da baya, ya rage murya.

"Malam Atiku, wanga kuka yana tsayawa ya ja numfashi. Ƙarfe bai numfashi. Ina ka biyo jiya?"

Atiku ya faɗa masa.

"Subhanallahi! Ɗiyar mutanen ɓoye ka kwaso. Mai da ta yau, tun uwar ba ta biyo ka ba. Ka yi sallama gindin tsamiyar, ka murza tayar da baya-baya, kada ka ɗaga kai."

To, ka ji bawan Allah, bai mayar ba. Ya shigar da mashin ɗaki. In ya murza tayar a hankali, sai kukan ya koma gwalan-gwalan irin na jariri mai ƙoshi. Shekara biyu rabon ɗakin nan da wata murya. Ya zauna yana murzawa, yana hawaye.

A kwana na uku ya tarar da sawun ƙafa a ƙofar gidansa, dogaye, sun kai sun komo. Sai ya hau mashin.

Rana na faɗuwa ya isa tsamiyar. Ba kowa. Tsuntsaye sun yi shiru. Sai warin fetur da ƙamshin nono mai ɗumi.

Ya yi sallama. Ya durƙusa, ya murza tayar da baya-baya.

Ƙii.

Ganye ya motsa a bayansa.

Ƙafafu biyu suka tsaya gabansa, ba su taɓa ƙasa ba.

"Ɗiyata," in ji wata muryar mace, ƙasa-ƙasa.

Wani abu mai ɗumi ya zame daga wayoyin tayar, ya riƙe ɗan yatsansa gam, sannan ya saki.

"Na zo ne in tafi da kai. Amma na ji kana yi mata wasa. Tashi. Kada ka waiwaya."

Bai san yadda ya kai Aliero ba. Sati guda ya yi kwance da zazzaɓi.

Tun daga ranar Atiku bai ƙara sa wa tayar nan giris ba. Ta bushe ƙayau, Habibullahi har ya gaji da yi masa faɗa. Kullum da magariba sai ya kafe mashin a tsakar gida, ya murza ta, ya kasa kunne.

Ba ta sake yin kuka ba.